Ɗaya Cikin Huɗu: Lissafin Gado Daga Lambun Mendel Zuwa Takardar Jinotayip

Akwai wata magana da na sha ji a bakin masu shirin aure waɗanda takardar gwajin jinotayip ta nuna dukkansu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon. Saurayi zai ce, "Ai likita ya ce ɗaya ne cikin huɗu ke zuwa da sikila. To, mu haifi uku mu dakata mana." Wani magidanci kuma ya ce a gidansa ɗan fari ne ya zo da ita, don haka ukun da za su biyo baya sun tsira. Na taɓa ganin wata gwaggo tana lissafawa da yatsu, tana cewa na huɗun ne abin tsoro. Dukkansu sun ji adadin daidai, ɗaya cikin huɗu gaskiya ne. Fahimtar ce ta karkace, kuma a kan wannan karkatacciyar fahimtar ake ɗaura aure. Kafin a gane inda aka kauce, sai an koma inda adadin ya samo asali, wato wani ɗan lambu a gidan ibadar Kirista da ke birnin Brno, cikin ƙasar Czech ta yau.

Mai lambun shi ne Gregor Mendel, ɗan manoma da aka haifa a 1822. Ya shiga gidan ibada, daga nan aka tura shi Jami'ar Vienna inda ya karanci lissafi da fiziks. Wannan karatun ne ya bambanta shi da waɗanda suka riga shi barbarar tsirrai. Su suna duba abin da ya fito su siffanta shi, shi kuwa ƙirgawa yake yi, ƙwaya bayan ƙwaya.

A zamaninsa, abin da akasarin masana suka ɗauka shi ne halin uwa da na uba suna cakuɗewa a jikin ɗa kamar yadda ake dama fura da nono, da zarar sun haɗu babu mai sake raba su. Da haka ne, dogo da gajere za su riƙa haifar matsakaici, kuma duk kamar da ta narke ta tafi ke nan har abada. Amma makiyayi ya san ba haka abin yake ba. Hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ishe mu shaida: wani mutum ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, sai aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Aka ce daga ina ya samo launin? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Sai aka ce masa ɗan nasa ma wataƙila haka ne. Kama tana iya laɓewa tsawon zuriya, sannan ta ɓullo sarai kamar ba ta taɓa ɓata ba. Abin da Mendel ya ƙara a kan wannan tsohon sani shi ne adadi: sau nawa take ɓullowa, kuma me ya sa.

Ya zaɓi waken fis, koren waken nan mulmulalle da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Zaɓin ya yi dabara, domin furen wannan wake a rufe yake, kansa yake yi wa barbara, baƙon iri ba ya shiga sai an sa shi da hannu. Ya samo nau'i 34 daga masu sayar da iri, ya shafe shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar kowanne yana haifar irinsa ba gauraye, sannan ya tsayar da 22. Daga 1856 zuwa 1863 yana aiki ɗaya: ya buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji, ya ɗebo ƙurar wani furen daban, irin bununin da ke tashi a gonar gero, ya shafa, ya rufe don kada ƙwari su ɓata masa lissafi. Tsirran da suka bi ta hannunsa sun kai kimanin 28,000. Siffofi bakwai ya bi, kowace mai fuska biyu da ba a rikita su, kamar dogon tsiro da gajere, ƙwaya mai sumul da mai tamoji, rawaya da koriya.

Da ya haɗa dogo tsantsa da gajere tsantsa, 'ya'yan ba su zo matsakaita ba. Duka dogaye suka fito, gajarta ta ɓace ɓat. Sai ya bar waɗannan dogayen suka yi wa kansu barbara, ya shuka abin da suka haifa. A jikokin nan gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277. A gwajin siffar ƙwaya ya ƙirga masu sumul 5,474 da masu tamoji 1,850. A na launi, rawaya 6,022 da kore 2,001. Raba kowane babban adadi da ƙaraminsa, za ka ga kusan uku ake samu. Siffofi bakwai, amsa ɗaya: uku bisa ɗaya. Fuskar da ta mamaye 'ya'yan farko ya kira ta mai rinjaye, wadda ta ɓuya ta sake fitowa kuma mu kira ta mai laɓewa.

Bayanin da ya bayar shi ne har yau ake koyarwa. Kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu a jikin tsiro, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba sa narkewa cikin juna. Sun fi kama da gero da dawa a mudu ɗaya, suna tare amma kowace ƙwaya tana nan yadda take, ana iya tsince ta. In lokacin haihuwa ya zo, mahaifi ba ya ba da biyun, ɗaya kawai yake miƙawa, kuma wadda za ta tafi ba a zaɓenta. Mu sa wa ƙwayar tsawo D babba, ta gajarta d ƙarama. Dogo tsantsa DD ne, ba shi da abin bayarwa sai D. Gajere dd ne, sai d. Kowane ɗansu Dd zai zama, kuma tunda D ke da rinjaye, dogo za a gani. To amma in Dd ya haɗu da Dd, hanyoyi huɗu ne: D ta gamu da D, D ta gamu da d, d ta gamu da D, ko d ta gamu da d. Uku na farko dogaye ne a ido. Na ƙarshe ne kaɗai gajere, domin babu D da za ta rufe shi.

Wurin da na fi jinjina wa mutumin shi ne bai tsaya a nan ba. Ya ce in bayanina daidai ne, ukun nan da suka yi kama a ido ba ɗaya suke a ciki ba, ɗaya tsantsa ne, biyu suna ɗauke da ɓoyayyen kaya. Sai ya gwada. Ya shuka 565 daga cikin ƙwayoyi masu sumul na jikokin. Guda 193 suka haifi masu sumul zalla, 372 suka haifi gauraye. Kusan ɗaya bisa biyu, yadda ya yi hasashe. Ashe uku bisa ɗaya rufin sama ne kawai, a ƙarƙashinsa ɗaya, biyu, ɗaya ne. Wannan bambanci tsakanin abin da ido ke gani da abin da ke ƙunshe shi ne wani masani ɗan ƙasar Denmark, Wilhelm Johannsen, ya raɗa wa suna a farkon ƙarni na 20, kuma daga gare shi kalmar jinotayip ta fito, wadda yau ake rubutawa a takardun asibitocinmu. Mai kiwo ko mai samar da iri da yake son sanin ko dogonsa DD ne ko Dd yana da hanya mai sauƙi: ya haɗa shi da gajere. In gajere ko ɗaya ya fito a 'ya'yan, asiri ya tonu.

Mendel ya gabatar da aikinsa a 1865, aka buga shi a 1866, kusan babu wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka sake tono shi. Daga baya aka gano inda ƙwayoyin nan suke zaune, wato a kan zarurrukan kuromosom da ke cikin kusan kowace tantanin halitta. Mutum yana da 46, jere biyu-biyu har 23, kuma maniyyi da ƙwan mace kowanne rabi yake ɗauka.

Don sauƙaƙa lissafin, wani Bature ɗan Ingila mai suna Reginald Punnett ya fito da zanen da ɗaliban sakandare suka sani. Za ka iya yin sa a ƙasa da yatsa, kamar mai haƙa gurbin dara. Ja murabba'i, ka raba shi gida huɗu. A sama ka rubuta ƙwayoyin uba biyu, kowace a kan layinta. A gefe ka rubuta na uwa. Kowane gida sai ka cika shi da harafin da ke samansa da wanda ke gefensa. Abin da ya fito a gidajen huɗu shi ne duk abin da zai iya fitowa daga wannan haɗin, kuma kowane gida nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa.

Yanzu mu ɗauko zanen mu kawo shi gida. Sikila, ko amosanin jini, tana bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin mai ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Umarnin ƙera wani sashe nasa yana kan kuromosom na 11. Nau'in da aka saba shi ne A. Nau'in S kuwa ya bambanta da shi da tubali ɗaya tak, na shida a jerin tubalan da suka gina sashen, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a tsakiyar shekarun 1950. Wannan ɗan canjin ya isa ya sa sinadarin ya riƙa sandarewa in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashin nan mai sa babba kuka yake tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin mai ciwon kullum a ƙasa yake.

Sa AS a sama, AS a gefe. Gida ɗaya AA, gida biyu AS, gida ɗaya SS. Ga inda ɗaya cikin huɗu ya fito. Sauya uwar ta zama AA: gida biyu AA, biyu AS, babu SS ko ɗaya. Mai SS in ya auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, babu mai ciwon a cikinsu, abin da ya kamata masu gudun auren mai sikila ido rufe su sani. In kuwa SS ya haɗu da AS, rabin gidajen SS ne. Mai mata fiye da ɗaya kuma kowane ɗaki da zanensa. Namiji AS zai iya samun 'ya'ya goma lafiyayyu da uwargida AA, sannan ciwon ya bayyana a ɗakin amarya AS, a ɗora wa baiwar Allah laifi ita kaɗai, alhali rabin kayan daga wurin maigida ya fito. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga kowane ɓangare.

Gidajen nan huɗu ba 'ya'ya huɗu ba ne da ke layi suna jiran a kira su. Hoton ciki ɗaya ne. Duk lokacin da mace ta ɗauki ciki, sabon zane ake yi daga farko, da gidaje huɗu cif, babu wanda aka soke saboda ya riga ya fito. Ɗauki kwandala biyu ka jefa sama. Damar su faɗo duka a fuska ɗaya da ka zaɓa ita ce ɗaya cikin huɗu. In sun faɗo haka a jifan farko, kwandalolin ba su san sun yi ba, jifa na biyu ma damar tana nan yadda take. Mahaifa ma ba ta riƙe lissafin wanda ya gabata. Ɗan fari zai iya zuwa da SS, na biyu ma haka, na uku ma haka. Za a kuma iya haifar takwas babu ko ɗaya.

Mendel da kansa ya ga wannan, kuma ya rubuta. A cikin tsirran da jimillarsu ta ba shi uku bisa ɗaya, akwai wanda ya ba da ƙwayoyi masu sumul 43 da masu tamoji 2 kacal. Akwai kuma wanda ya ba da masu sumul 14 da masu tamoji 15. Wani ya ba da rawaya 32 da koriya ɗaya, wani rawaya 20 da kore 19. Uku bisa ɗaya bai bayyana ba sai da ya tara dubbai. Gidan mutum ɗaya kuwa tsiro ɗaya ne, ba gona ba.

Abin da za a iya lissafa wa iyali shi ne damar tsira gaba ɗaya, kuma ana samunta ta hanyar ninkawa. Kowane ciki yana da uku cikin huɗu na kuɓuta daga SS. Ciki biyu, uku bisa huɗu sau uku bisa huɗu, wato 9 cikin 16. Ciki uku, irin wanda saurayin nan ke shirin tsayawa a kai, 27 cikin 64, wato kusan kashi 42 cikin 100. Ma'ana, ko da sun cika alkawarin tsayawa a uku, damar a samu aƙalla ɗaya mai sikila ta kai kashi 58, ta fi rabi. A 'ya'ya huɗu ta zama kashi 68. A shida, 82. A takwas, 90. Kowa ya san yawan haihuwar gidajenmu, sai ya duba inda ya faɗa.

Wannan lissafin ne kuma ke amsa hujjar da ake yawan kawowa: "Ga su wane can, shi AS ita AS, 'ya'yansu shida ras." Gaskiya ne, akwai su. A cikin kowane gida 100 irin wannan masu 'ya'ya shida, kusan 18 za su fita ba tabo. Su ne ake nunawa da yatsa a zauren sulhu. Sauran 82 ba a kawo su misali, suna can a layin ƙarin jini. Imani da ƙaddara bai hana a kalli adadin ba, kamar yadda bai hana manomi duba sama kafin ya yi shuka ba.

Akwai wani ɗan lissafi da ake mantawa. Lafiyayyen ɗan da AS da AS suka haifa, mene ne damar yana ɗauke da S? Mutane sukan ce rabi. Ba rabi ba ne. Tunda mun san ba SS ba ne, gida ɗaya ya fita, saura uku, biyu daga ciki AS. Biyu cikin uku ke nan, daidai da 372 ɗin Mendel a cikin 565. Duk wanda yake da wa ko ƙanwa mai sikila, ya fi kusa da zama AS fiye da AA.

In aka faɗaɗa zanen ya rufe ƙasa baki ɗaya, sai a ga girman abin. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S. In ana aure ba gwaji, damar miji da mata su dace duka masu ɗauke da ita ita ce ɗaya cikin 16. Ninka da ɗaya cikin huɗu, ka samu jariri ɗaya cikin 64. In aka auna wannan da yawan haihuwar ƙasar, bai yi nisa sosai ba da ƙiyasin da aka daɗe ana ambatawa na jarirai kimanin 150,000 a shekara, adadin da ya sa Najeriya a gaban kowace ƙasa. Ana yawan ɗora wa auren zumunci laifin, kuma gaskiya ne 'ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka ɓoyayyen kayan kaka ɗaya yana iya haɗuwa a jikoki. Sai dai wannan ya fi tasiri a cututtukan da ba su da yawa a cikin jama'a. S ta yaɗu har ta kai auren bare ba ya kare kowa. Bakano zai auro Bayarbiya daga Ibadan su haifi SS.

Ba A da S ne kaɗai haruffan ba. Akwai C, wadda ta fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, ana kuma samunta a Najeriya da Nijar. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri AS, gida ɗaya cikin huɗu SC ne, kuma SC ma sikila ce, ko da yake sau da yawa ta fi SS sauƙi. Sannan a daina haɗa jinotayip da rukunin jini. A, B, AB da O wani gado ne daban, a wani kuromosom daban, amfaninsa a wurin ƙarin jini. Na ji wanda aka tambaya jinotayip ɗinsa ya ce O ne, hankalinsa kwance.

Ita kanta kalmar rinjaye tana ruɗar mutane. Suna jin kamar ƙwaya mai rinjaye ita ce mai ƙarfi, ko mai kyau, ko wadda ta fi yawa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Rukunin O mai laɓewa ne a gaban A da B, amma shi ya fi yawa a Najeriya, kusan rabin jama'a. Cindo kuwa, yatsa na shida da ake haifar wasu da shi, a yawancin iyalai gadonsa mai rinjaye ne, amma masu yatsa biyar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da rinjaye ke nufi kawai shi ne kwafi ɗaya ya isa a ga alama. Sau da yawa ƙwaya mai laɓewa umarni ne da ya lalace, ɗayan kwafin mai kyau yana yin aikin su biyu, shi ya sa ba a lura. A 1990 aka gano abin da ke sa waken Mendel tamoji: sinadarin da ke sarrafa sitaci ne ya samu tangarɗa, sukari ya taru, ƙwayar ta sha ruwa da yawa, da ta bushe sai ta yamutse.

Haka zabiya take. Uwa baƙa, uba baƙi, kowanne yana ɗauke da kwafi ɗaya da ba ya iya ƙera launin fata, bai sani ba, kakanninsa ma ba su sani ba. Ranar da kwafin biyu suka haɗu sai a haifi zabiya, 'yan gulma su fara cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta yi. Halin ne ya daɗe a laɓe ta ɓangarorin biyu, kuma duk cikin da zai biyo baya yana da ɗaya cikin huɗu na sake zuwa haka.

Laɓewar ma ba kullum take cika ba. Mai AS a ido lafiyayye ne, amma in aka auna jininsa za a tarar da himogulobin iri biyu, A da S, na S bai kai rabi ba. Kuma wannan kason yana da aiki. A 1954 Anthony Allison ya nuna daga bincikensa a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ba wai ba sa kamuwa ba ne, suna kamuwa, kisan ne ya ragu. Dalilin da ya sa S ta yi kaka-gida a ƙasashen sauro ke nan: tana kashe mai kwafi biyu, tana ceton mai kwafi ɗaya, kuma masu kwafi ɗaya sun fi yawa.

Wanda ke kiwon kajin gida yana da misalin rinjayen da bai cika ba a tsakar gidansa. Shazumama, kazar nan mai gashi a murɗe, kwafi ɗaya ke gare ta na ƙwayar murɗewa in gashin ya yi kyau. Haɗa ta da zakara mai kwantaccen gashi, kusan rabin tsakin za su zo shazumama. Haɗa shazumama biyu, sai a samu kashi uku: ɗaya cikin huɗu mai kwantaccen gashi, biyu shazumama, ɗaya kuma mai kwafi biyu wanda gashinsa ke kakkaryewa har ya kusa zama tsirara. A nan ɗaya, biyu, ɗaya a fili yake, ba sai an yi gwaji ba.

In siffofi biyu ake bi a lokaci guda, gidajen zanen sun zama 16. Mendel ya haɗa siffar ƙwaya da launinta, ya samu 315, 108, 101 da 32 a cikin 556, wato tara, uku, uku, ɗaya. Ba sai an zana ba, ninkawa ta wadatar: ɗaya cikin huɗu sau ɗaya cikin huɗu, ɗaya cikin 16. Wannan yana aiki ne in siffofin ba maƙwabtan juna ba ne a kuromosom ɗaya, domin maƙwabta sukan yi tafiya tare. Manomin masara ya san sakamakon ko bai san sunansa ba. Irin haibirid da ake saya a leda 'ya'yan farko ne na iyaye biyu tsantsa, shi ya sa gonar ke tashi kai ɗaya kamar an sa igiya. In ya ɗebi iri daga abin da ya girbe ya mayar baɗi, jikoki ya shuka, duk abin da ya laɓe sai ya fito: wata doguwa, wata gajeriya, wata ta yi goyo da wuri, wata ta makara, buhuna su ragu. Ba algus aka yi masa ba.

Akwai inda zanen gida huɗu ba ya kaiwa. Tsawon mutum da hasken fatarsa ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba, masu yawa ne, kowace da ɗan kasonta, ga kuma abinci da rana. Don haka babu mai zana maka murabba'i ya ce ɗanka zai yi fari ko dogo. Wasu siffofin kuma suna kan kuromosom X, wanda mace ke da biyu, namiji ɗaya. Thomas Hunt Morgan ya fara nuna wannan a 1910 da wani ɗan ƙuda mai farin ido. Namiji ba shi da kwafi na biyu da zai rufa masa asiri, shi ya sa rashin bambance ja da kore da ciwon rashin daskarewar jini suka fi kama maza, kuma ta wajen uwa suke samunsu. A kan hanya, zanen XX na mace da XY na namiji yana nuna cewa uwa X kaɗai take bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Mai ƙara aure don matarsa "ba ta haihuwar maza" ya sake duba zanen.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayip. Amfanin takardar ya dogara da lokacin da aka karɓe ta da kuma inda aka yi ta. In sai an kai lefe an buga kati sannan a je asibiti, matsin da ke kan yaran da iyayensu yakan kai a nemi wanda zai rubuta AA a inda ba AA ba. Ɗakin gwaji ma yana kuskure, don haka maimaitawa a wani wuri daban ba ɓarnar kuɗi ba ce. Kuma lafiyar jariri a ranar suna ba ta tabbatar da komai. Yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, kuma shi ke kare shi a watannin farko. Sai ya fara janyewa, wajen wata biyar zuwa shida, sannan S ke karɓar fili. Alamar farko a yara da yawa ita ce kumburin bayan hannu da na ƙafa, da kukan da goyo ba ya tsayar da shi.